Sunaye 894: yadda aka tare Ebola a Legas da Fatakwal a 2014

Ranar Lahadi, 20 ga Yuli 2014, Patrick Sawyer ya tashi daga Monrobiya a jirgin fasinja, ya yada zango a Akara, ya sauya jirgi a Lome, ya sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas. Ƙasa huɗu a yini guda. Ɗan Laberiya ne mai takardar zama ɗan Amurka, yana aiki da ma'aikatar kuɗi ta ƙasarsa, kuma Kalaba ya nufa domin wani taron ƙungiyar ECOWAS. 'Yar'uwarsa ta rasu da Ebola a farkon watan, shi ma an sa masa ido a wani asibiti a Monrobiya, zazzaɓi ya kama shi tun 17 ga wata, likitoci suka ce kada ya yi tafiya, ya fice ya hau jirgi. Kafin ya iso Legas jikinsa ya rikice har bai iya ci gaba da tafiya ba. Jami'an da suka zo tarbarsa suka kama shi da hannu suka sa a mota, suka kai shi asibitin kuɗi na First Consultants da ke Obalende.

A lokacin annobar Ebola ta yi wata bakwai tana ci a yankin Afirka ta Yamma. Ta faro ne a Disambar 2013 a ƙauyen Meliandou na kudancin Gini, aka tabbatar da ita a Maris 2014, ta tsallaka Laberiya da Saliyo. Gemun maƙwabta ya daɗe da kama wuta, kuma Najeriya ta yi sanarwar gargaɗi, amma ruwan da ta shafa wa nata bai kai bakin filin jirgi ba. Ba a auna zafin jikin fasinjoji a ranar, babu ɗakin killacewa da aka tanada, kuma mafi muni, babu saƙon da ya riga jirgin isowa daga Monrobiya cewa wani da ake sa wa ido ya fita. Ƙa'idojin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005 sun wajabta wa kowace ƙasa ofishi guda da za a iya samu dare da rana domin irin wannan saƙo. Ofisoshin suna nan a takarda. Wayar ce ba ta buga ba.

Kwana uku ana maganin zazzaɓin cizon sauro

Sawyer ya ce wa likitoci zazzaɓin cizon sauro ke damunsa, ya kuma musanta cewa ya kusanci mai Ebola. A kwanakin farko ba yadda za a yi ido ya bambance cututtukan biyu: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, kasala, sannan amai da gudawa. Zubar jinin da mutane suka ɗauka shi ne alamar Ebola yakan zo a makare, kuma ba kowa ke yi ba. Don haka aka kula da shi kamar kowane majinyaci. An ɗebi jininsa, an sa masa ƙarin ruwa, an share amansa, an sauya masa zanen gado, duk ba tare da cikakkun kayan kariya ba. A nan kaso mafi girma na kamuwar da aka samu a Najeriya ya auku: likitoci da ma'aikatan jinya tara na wannan asibiti suka kamu, huɗu suka rasu. Jami'in da ya rako shi daga filin jirgi ma ya rasu.

Da magani ya ƙi ci, Dakta Ameyo Stella Adadevoh, likita a asibitin, ta zargi Ebola, ta sa aka keɓe shi a ɗakinsa da ɗan abin da ke hannu, aka sanar da hukumomin lafiya na jihar Legas da na tarayya. Asibitin ya bayyana daga baya cewa an matsa masa lamba ya sallami majinyacin ya wuce taron Kalaba, aka ƙi. Dakta Adadevoh ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta.

Akwai sa'a a cikin lamarin, kuma duk nazarin da ya ɓoye ta bai yi adalci ba. Ƙungiyar likitocin Najeriya tana yajin aiki tun 1 ga Yuli, asibitocin gwamnati kusan a rufe suke. Da an kai shi ɗakin gaggawa na babban asibitin koyarwa, inda majinyata ke kwance gado na gogar gado, 'yan jinya na zaune a ƙasa, ɗalibai na zagaye, adadin waɗanda za su taɓa shi ko ruwan jikinsa zai ninka sau da yawa. Haka kuma da jikinsa ya daure masa ya kwana a otal ya shiga gari, birnin da ake ƙiyasta mutanensa a miliyan 21, da ba a san inda za a fara nema ba. Yadda abin ya zo, lissafin farko na waɗanda suka yi mu'amala da shi a filin jirgi da asibiti ya tsaya a mutum 72, kusan dukansu ma'aikata ne masu suna da adireshi. Sa'a ba shiri ba ce, ba kuma a gina tsari a kanta.

Abin da ba sa'a ba shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Sashen binciken ƙwayoyin cuta na asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ƙarƙashin Farfesa Sunday Omilabu, yana da na'urar gwajin PCR mai gano ƙwayar cuta a jini, da mutanen da suka saba aiki da samfurin jini mai haɗari saboda zazzaɓin Lassa. Nan aka gano cutar, aka sake tabbatarwa a Jami'ar Redeemer's da kuma cibiyar Pasteur ta Dakar. A Gini sai da aka shafe kusan wata uku ana binne mutane kafin a san sunan abin da ke kashe su. A Legas kwana uku aka yi. Sawyer ya rasu ranar 25 ga Yuli, aka ƙona gawarsa.

Ɗakin da aka aro daga yaƙi da shan inna

Ranar 23 ga Yuli ma'aikatar lafiya ta tarayya da gwamnatin Legas suka buɗe cibiyar tafiyar da lamarin, wadda ta zama cibiyar ayyukan gaggawa ta Ebola. Ba sabon abu aka ƙirƙiro ba. Tun 2012 akwai irin wannan cibiya a Abuja domin yaƙi da shan inna, kuma daga can aka ɗauko Dakta Faisal Shuaib ya jagoranci ta Legas, tare da mutanen da suka saba da salon aikin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan gorar an fafe ta shekara biyu kafin nan, don wata tafiyar daban.

Salon yana da sauƙin faɗa, yana da wuyar yi. Shugaba ɗaya ne, kuma kowa ƙarƙashinsa yake, ko ma'aikacin tarayya ne, ko na jiha, ko na Hukumar Lafiya ta Duniya, ko UNICEF, ko hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ko ƙungiyar likitoci ta MSF. An raba aikin gida shida: bin sawu da tattara bayanai, jinya da hana yaɗuwa a asibiti, gwaje-gwaje, wayar da kan jama'a, mashigan ƙasa, sai gudanarwa. Ana zama kullum, kowane aiki a rubuta sunan wanda zai yi shi da lokacin da zai kammala, gobe a tambaye shi a gaban kowa. Amfanin wannan a ƙasa mai tsarin tarayya ba ƙarami ba ne, domin filin jirgi na tarayya ne, asibitin killacewa na jiha ne, kuma gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan da ta Gwamna Babatunde Fashola ba jam'iyyarsu ɗaya ba, ga zaɓen 2015 na ƙaratowa. Ranar 8 ga Agusta shugaban ƙasa ya ayyana dokar ta-ɓaci kan cutar, ya amince da naira biliyan 1.9. Amincewa daban, isowar kuɗi hannun masu aiki daban. Jinkirin ya kusa tsayar da faɗaɗa aikin a makonnin da aka fi buƙata. Mai bin sawu ba ya zuwa gidan kowa idan babu mai a mota da kati a waya.

Bin sawu, gida-gida

Dukan aikin ya rataya ne a kan abu biyu da aka sani game da ƙwayar cutar. Tana ɗaukar kwana 2 zuwa 21 kafin alamu su bayyana, kuma wanda bai fara nuna alamu ba ba ya yaɗa ta. Ma'ana, idan ka san duk wanda ya taɓa majinyaci, kana ganinsa kullum har kwana 21, kuma ka ɗauke shi a ranar da zazzaɓi ya fara, to sarƙar ta tsinke a kansa.

Kimanin mutum 150 suka yi wannan aiki, ƙashin bayansu likitoci da masana da suka fito daga shirin horas da masu binciken annoba a fage da Najeriya ta fara a 2008. Sun rubuta sunaye 894, sun kai ziyara ta ido da ido kusan 18,500. Raba na biyu da na farko, za ka samu ziyara kusan 21 ga kowane suna, wato da gaske kullum aka je, ba a rahoto kaɗai ba.

Ziyarar kanta tana da ladubba. Ba a musabaha, ba a zama a kujerar gidan, ana tsayawa da tazarar aƙalla mita guda. A auna zafin jiki: digiri 37.5 a hammata ko 38 a cikin jiki ya isa a ɗauki mataki. A tambayi amai, gudawa, ciwon kai, kasala. A shigar da amsa a wayar hannu, ta isa cibiya nan take, tare da alamar wurin da mai aikin ya tsaya, dabarar da aka saba da ita wajen tabbatar da cewa masu allurar shan inna sun taka unguwar da suka ce sun taka. Dalilin dagewa kan zuwa da ƙafa shi ne mutum yakan ce lafiyarsa ƙalau a waya alhali ya sha farasitamol ya danne zazzaɓi. Ido yana ganin wanda ya rame, ko ya jingina da ƙofa don ba ya iya tsayuwa. Wanda aka samu da alama, tawaga ta daban ce ke zuwa da motar ɗaukar marasa lafiya da kayan kariya, a kai shi ɗakin waɗanda ake zargi, masu feshi su bi ɗakinsa da makewayinsa.

Wani tarko da ke kama waɗanda ba su saba ba: gwajin da aka yi cikin awa 72 na farkon alamu zai iya cewa babu cutar alhali tana nan, saboda ƙwayar ba ta yi yawa a jini ba tukuna. Dole a riƙe mutumin a sake gwaji. Sallamarsa a kan sakamakon farko daidai yake da mayar da wuta cikin gida da takardar shaida.

Ba kowa ke buɗe ƙofa ba. Wanda maƙwabta suka ga motar gwamnati a ƙofarsa kullum, mai gidan haya na iya korarsa, wurin aiki su ce ya zauna a gida, masu shago su ƙi karɓar kuɗinsa. Shi ya sa aka tura masu wayar da kai suka zagaya gidaje kusan 26,000 da ke kewaye da gidajen waɗanda ake bibiya. Wanda aka ce ya zauna a gida mako uku, idan ba a kai masa abinci ba kuma ba a kare mutuncinsa ba, zai fita, kuma ba zai gaya maka inda ya je ba.

Yaba

Inda shirin ya fi rauni shi ne wurin kwantar da majinyata. An zaɓi asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke unguwar Yaba a Legas, amma ginin da aka fara amfani da shi bai dace ba, kuma sai da aka yi kimanin mako biyu kafin a samu ɗakin killacewa mai aiki yadda ya kamata. Ma'aikatan da za su shiga sun yi ƙaranci matuƙa. Ba abin zargi ba ne: waɗanda suka fara kamuwa abokan aikinsu ne, ba a horar da su ba, ba su ga kayan da za su amince da su ba. Sai da aka yi horo, aka fayyace alawus, suka ga wasu sun shiga sun fito lafiya, sannan masu sa kai suka ƙaru.

Ɗakin killacewa ba gini ne kawai mai ƙofa ba. Ana raba waɗanda ake zargi da waɗanda aka tabbatar, don kada mai zazzaɓin cizon sauro ya shigo lafiya ya fita da Ebola. Tafiyar ma'aikaci hanya ɗaya ce, daga wuri mai tsabta zuwa na waɗanda ake zargi, zuwa na waɗanda aka tabbatar, zuwa wurin tuɓe kaya, babu komawa baya. Tuɓewar ita ce mafi haɗari, domin mutum ya gaji, gumi ya cika masa takalmi, gilashin ido ya yi hazo, ga gaban rigarsa da safar hannunsa duk ruwan jikin majinyaci. Don haka wani ke tsayawa yana kiran matakan ɗaya bayan ɗaya, ana wanke safar hannu tsakanin kowane mataki. A irin zafin Legas da wuya mutum ya wuce awa guda cikin kayan, kuma wannan ne ya sa gado kaɗan ke cin ma'aikata masu yawa.

Ruwan kulorin da ake kashe ƙwayar cutar da shi iri biyu ne, kuma rikita su na jawo ɓarna. Mai ƙarfin kashi 0.5 cikin ɗari na ƙasa ne, da gado, da bokitin amai, da jakar gawa. Mai kashi 0.05 na hannu ne. Idan garin kulorin mai ƙarfin kashi 70 ne a hannu, kimanin giram 7 a lita guda ke ba da na farko. A ɗebi mudu ɗaya na wannan a ƙara mudu tara na ruwa, an samu na biyu. Kullum ake haɗa sabo, a rufe, a kau da shi daga rana, domin ƙarfinsa na sauka. Mai ƙarfin yana tsattsage fata idan ana wanke hannu da shi, fatar da ta tsage kuwa ƙofa ce.

Babu rigakafi a lokacin, babu maganin da aka tabbatar. Jinyar ita ce mayar da ruwa da gishirin da gudawa da amai ke kwashewa, lita da yawa a yini, ta baki ko ta jijiya, da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sauran cututtukan da ka iya hawa kai. Cikin mutum 20 da suka kamu a Najeriya, 12 sun tashi.

Inda suna ya faɗo daga takarda

Sau biyu aka samu ɓaraka, kuma duka biyun mutum ne da ke cikin jerin ya bar gari. Wata ma'aikaciyar jinya ta tafi Inugu wurin iyalinta, aka dawo da ita Legas, aka sa ido kan mutum fiye da ashirin a can; ba wanda ya kamu. Na biyun ya yi tsada. Wani jami'i da ya yi mu'amala da Sawyer ya kauce wa masu bibiya ya hau jirgi zuwa Fatakwal ranar 1 ga Agusta, inda wani likita ya yi masa magani a ɗakin otal har kwana uku. Jami'in ya warke ya koma Legas. Likitan ya fara jin alamu ranar 11 ga Agusta, ya ci gaba da ganin majinyata a asibitinsa, har ya yi wa mutum biyu tiyata. An kwantar da shi ranar 16, 'yan cocinsa suka zo suka ɗora masa hannu suna addu'a, ya rasu ranar 22. Sai ranar 27 aka tabbatar da abin da ya kashe shi. Matarsa, wadda ita ma likita ce, da 'yar'uwarsa, da wata majinyaciya a asibitin da aka kwantar da shi suka kamu. Majinyaciyar ta rasu.

Kusan mako huɗu ke nan cutar na Fatakwal ba wanda ya sani, kuma mutum ɗaya da ya ɓace ya jawo ɗaruruwan sababbin sunaye. Abin da ya taimaka shi ne a lokacin an riga an ƙware a Legas. Aka kwashi tawaga da tsarinta aka dasa a jihar Ribas cikin kwanaki, ba a tsaya koyo daga farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an bibiyi dukan sunayen da aka sani a Legas, da kashi 99.8 cikin ɗari a Fatakwal.

Ji-ta-ji-ta kuwa ta kai inda cutar ba ta kai ba. A daren 7 zuwa 8 ga Agusta saƙo ya bazu a wayoyi cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum. Mutane suka tashi 'yan'uwansu da tsakar dare daga wannan gari zuwa wancan. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu aka kwantar, a jihohin da Ebola ba ta taɓa shiga ba. Gwamnati ta ƙaryata da safe, bayan an riga an sha.

Sauran matakan sun fi yin amo fiye da tasiri. An ɗage komawa makarantu zuwa 22 ga Satumba, an taƙaita ɗaukar gawa daga wuri zuwa wuri, an dakatar da wasu jiragen Laberiya da Saliyo, an fara auna zafin matafiya. Auna zafin ba ya kama wanda cutar ke kwance a jikinsa ba ta bayyana ba, amma yana da wani amfanin: Saudiyya ta hana maniyyatan Gini da Laberiya da Saliyo zuwa aikin Hajjin shekarar, ta bar na Najeriya suka tafi bayan tantancewa. Ranar 20 ga Oktoba, bayan kwana 42 ba sabon kamu, wato ninki biyu na kwana 21, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya ta rabu da cutar. Mutum 20, rasuwa 8, ma'aikatan lafiya 11 cikin waɗanda suka kamu. A yankin gaba ɗaya annobar ta kama fiye da mutum 28,600, ta kashe fiye da 11,300.

Daga baya an gina abubuwa: cibiyar sa ido kan cututtuka ta ECOWAS a Abuja, hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka a Addis Ababa a Janairun 2017, dokar da ta tsayar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, da ƙafafunta a 2018, da allurar rigakafin da aka gwada a Gini a 2015 aka amince da ita a 2019. Ko waɗannan sun toshe ramin da Sawyer ya bi, ma'aunin ɗaya ne: shin labarin wanda ya tsere yana riga shi isa ƙasa ta gaba?

Maƙwabta biyu sun nuna amsar ta fuska biyu a shekarar. Ranar 27 ga Agusta hukumomin Gini suka sanar da Senegal cewa wani matashi da ake sa wa ido ya ɓace. Aka same shi kwance a wani asibiti a Dakar, aka tabbatar da cutar ranar 29, aka bibiyi mutum 74, ba wanda ya kamu, shi ma ya warke. A Mali kuwa, kwana biyar bayan an wanke Najeriya, aka kawo wani limami daga Gini wani asibitin kuɗi a Bamako da ciwon ƙoda. Ba a yi masa gwajin Ebola ba. Ya rasu ranar 27 ga Oktoba, aka yi masa wanka aka mayar da gawar gida. Sai da ma'aikacin jinyar da ya kula da shi ya rasu a Nuwamba aka gane abin da ya shigo. Mali ta ƙare da mutum 8, rasuwa 6, ba ta samu takardar rabuwa da cutar ba sai 18 ga Janairu 2015.